Gawar da Datti Ya Binne

Jirgin ya zo ƙasa-ƙasa yana tari kamar tsohuwar tifa, ya shafi rufin gidajen Dutse Uku, ya daki dutsen bayan unguwa. Wallahi har tukwane suka faɗo daga murhu. Jirgin horo ne na sojan sama, mutum biyu a ciki: Ishaku, ɗan maƙwabcina Datti tela, da malaminsa Pwajok, wanda ya yi yaƙin basasa ya fito ko ƙwarzane babu. Mun san su ne, don Ishaku ya aiko cewa ranar zai bi ta saman gida.

Mu muka fara isa. Ƙarfe na ci da wuta, ƙaurin nama ya cika wurin. Gawa ɗaya muka gani, ta ƙone ƙurmus, babu fuska, babu hannun dama. Datti ya durƙusa ya ce, "Shi ne." To wa zai musa wa uba?

Ya ce, "Ku taimake ni kafin soja su zo. Akwati za su sa shi, su ajiye min ɗa a ƙanƙara kamar kifi."

Muka ɗauke shi a tabarma. Wanka bai yiwu ba, fata sai saɓulewa take, liman ya yi masa taimama. Datti da kansa ya ɗinka likkafani. Kafin la'asar mun sallace shi mun rufe.

Ba mu bar maƙabarta ba sai ga motar soja. Kai, 'yan banzan nan ko sallama babu! Bulala ta ko'ina. Wani saje ya sa min gindin bindiga a baki, na tofar da haƙori da jini. Liman ma bai tsira ba, aka fasa masa goshi. Datti ya kwanta rub da ciki a kan kabarin, suna shurinsa da takalmi yana ihu, "Sai dai ku haɗa da ni!"

Wani hafsa da ya zo da su ya daka musu tsawa, ya ja Datti zuwa bayan mota ya ɗaga tamfol.

Ishaku ne. Fuskarsa lafiya lau, wuya ne ya karye. A ƙetaren dutsen suka tsince shi.

Wata mata ta sauko daga gaban motar, mai tsohon ciki. Aka ce Lai'atu ce, matar Pwajok. Ba ta yi kuka ba, kabarin kawai take kallo. Ni kam na ji kunya, na ji tausayi, na rasa inda zan sa kaina.

Sajen ya ɗaga diga zai sari ƙasar. Datti ya riƙe ƙotar, jini na zuba daga kunnensa.

"Kada ka sare shi. Ya sha wuya yau."

Ya durƙusa ya fara yaye ƙasar da hannunsa, a hankali. Ya ɗago ya dubi Lai'atu ya ce, "'Yata, ki yafe mana. Kukan ɗana na yi masa, gaba ɗaya."