Ƙugiyar Ƙofar Baƙi

Matarsa ta rasu ranar Talata, kuma tun daga wannan watan ƙugiyoyinsa suka fara faɗuwa.

Shekara talatin da ɗaya yana rubuta alluna. Da fenti ya fara, zamani ya mayar da shi ga sitika, wadda na'ura ke yanka masa harafi-harafi. Na'urar ba ta san ƙ ba, ba ta san ɗ ba, don haka shi yake yanka ƙugiyar kowane harafi da almakashi ya liƙa a kai. Sauran masu sana'ar ba sa wahalar da kansu. Shi kuwa ya karanta littattafan da suka isa su hana mutum zaman lafiya. Marigayiyar ce ta raɗa masa Malam Ƙugiya, sunan ya bi shi.

Yau ga shi tsaye a wani ƙaramin asibiti, karo na biyu a kan aiki guda. Ƙofar ta ƙarfe ce, mai irin fentin nan da ake fesawa kamar gari sannan a gasa. Ya rubuta ƘOFAR BAƘI. Abin da ya rage shi ne KOFAR BAKI. A kan benci mutum uku na zaune, kowa riƙe da kumatu.

"Baba, ka ga abin da ka jawo mana?" in ji manajan asibitin. "Tun safe masu ciwon haƙori ke layi a nan. Ko likitan haƙori ba mu da shi."

"Aƙalla ka gano marasa lafiyarka sun iya karatu."

"Ba wasa nake ba, Baba. In ƙugiyar ta sake faɗuwa, kibiya kawai zan sa a zana."

Shi ya riga ya yanke nasa hukuncin: in ta ƙara faɗuwa, hannunsa ya tsufa ke nan, zai rufe shago. Ya kira babbar 'yarsa a waya, wadda ke aiki a wani kantin magani, ya ce ta fara cigiyar mai sayen na'ura.

"Baba, ka goge ƙofar?" ta tambaya.

"Na goge."

"Da me?"

"Da tsumma. Da me ake gogewa, da ƙamus?"

Sai ta ce kada ya taɓa komai.

Da azahar ta iso da jakar uwarta, shuɗiyar nan mai ɗinki a hannu, wadda bai iya buɗewa ba tun ranar. Ta zazzage ta a kan benci: kwalbar sifirit, farin ƙyalle, na'urar busar da gashi, da ragowar naɗin sitika mai kauri.

"Wannan ai kayan cutar uwarki ne," ya ce. "Cutar goge-goge."

Haka yake kiran abin. Duk aikin da za su je, ita ke yin gaba da ƙyallenta, shi yana baya da abin awo yana yi wa mai aiki darasin rubutu. In ya gama liƙawa ya tafi neman wanda zai duba, sai ya jiyo ƙarar na'urarta. Ya ɗauka danshi take busarwa. Ya sha faɗa wa mutane cewa matarsa ko kabari aka kai ta sai ta share shi kafin ta kwanta. Ana dariya. Ita ma tana yi.

"Baba, shafa ka ji," 'yar ta ce. Ya shafa ƙofar. "Ka ji ƙurajen nan ƙanana? Ga kuma santsi kamar an shafa kakin zuma. Mama ta ce gam ba ya kama wannan fentin sai an cire maiƙon da sifirit, an bari ya bushe. In an liƙa, a ɗumama har sitikar ta yi laushi ta shiga ramukan. Kuma in ta ji ƙofa irin wannan ce, takan sauya maka naɗin da ke kan na'ura da wannan mai gam mai ƙarfi."

"Ba tare da sanina ba?"

"Tare da rashin kulawarka."

"To me ya hana ta faɗa min?"

"Ta faɗa maka sau biyu, ina wurin. Ka gyara mata Hausa."

Ɗaya daga cikin masu kumatun ya yi dariya, ya ji zafi, ya daina.

Ya ɓare tsofaffin haruffan. Da ya buɗe kwalbar, sai ya tsaya. Ƙamshin hannun matarsa ne, wanda ya yi shekaru yana cewa gidansa na warin allura. Ya goge ƙofar daga sama zuwa ƙasa, yadda ya sha ganin ana yi bai duba ba. Da 'yar ta koma shago ta yanko sababbin haruffa a naɗin uwarta, ya liƙa su, ya yanka ƙugiya biyu ya ɗora. Tana riƙe da na'urar busar da gashin, shi yana dannawa da babban yatsa. Ya ji sitikar ta kwanta. Ya sa farce ya gwada gefen ƙugiyar. Ta ƙi tashi.

"Kada kowa ya taɓa sai gobe," ya ce wa manajan. "Har kai."

"Baba, in ci gaba da cigiyar?" 'yar ta tambaya tana tattara kaya.

"Bar jakar nan a hannuna."

A hanyar fita suka wuce wata dattijuwa tana goge daɓe. Bakinsa ya gaishe ta tun kafin ya yi tunani, ta amsa ba ta ko ɗago ba. Ya yi taku uku ya tsaya, jakar na rataye a kafaɗarsa. Gaisuwar nan ya yi wa 'yan dako, ya yi wa masu gadi, ya yi wa mutanen da bai ƙara gani ba. Mutum ɗaya ce bai taɓa yi wa ba, don bai san aiki take yi ba.

Sannu da aiki.