Saƙon da Ya Je Burkusuma Ya Dawo

Tun ranar da ƙungiyar ƙwallon Isa ta zo har Sabon Birni ta zura wa Guguwa ƙwallo biyar ta koma gida da kofi, kowa a unguwar ya zama koci. Guguwa ita ce ƙungiyar unguwar su Halliru tela, kuma Halliru shi ne shugaban magoya bayanta. Ba zaɓensa aka yi ba. Rumfar shagonsa ce ta fi inuwa, muryarsa kuma ta fi ta kowa tashi, shi ke nan ya zama shugaba. Rabonsa da buga ƙwallo tun yana firamare, amma wannan bai hana shi sanin wanda ya kamata a cire da wanda ya kamata a saka ba.

Da damina ta kankama aka ajiye ƙwallo aka koma gona, sai koci Abdulrasheed ya ce zai rushe ƙungiyar ya sake gina ta kafin gasar kaka. Ya sallami tsofaffin 'yan wasa biyar, ya ɗauko matasa huɗu. Uku daga wajen Alkalawa, na huɗun kuma wani dogon gola ne daga Bafarawa ta ƙasar Isa mai suna Hafizullahi. Nan fa rumfar Halliru ta kama da wuta. Abdulgani mahauci ya rantse cewa ba zai ƙara zuwa fili ba muddin ɗan ƙasar Isa ne zai tsare musu raga, don a ganinsa ranar da aka haɗu da 'yan uwansa buɗe musu ƙofa zai yi. Wasu suka ce yaran Alkalawa gudu kawai suka iya. Wasu kuma suka ce da ma gudun ake nema, tunda waɗanda aka sallama ko akuya ba za su iya kamawa ba.

Mutum ɗaya ne cikin tsofaffin koci bai taɓa ba, wato Na'Allah, golan da ya shekara goma sha huɗu yana tsare ragar Guguwa. Koci mutum ne mai wayo. Ya san duk wanda ya cire Na'Allah da hannunsa ba zai sha ruwa da daɗi a unguwar ba, don haka ya ce ya bar wa magoya baya maganar. In sun ce ya zauna, zai ƙara shekara. In sun ce ya huta, Hafizullahi ya shiga.

Na'Allah kuwa taubashin Halliru ne, mahaifiyar Halliru da mahaifin Na'Allah uwa ɗaya uba ɗaya. Tsakanin taubasai babu kunya babu fushi, abin da ka ga dama shi za ka faɗa a yi dariya. Halliru bai san wani suna na Na'Allah ba sai Rariya, wai komai ta jikinsa yake wucewa. Shi kuma Na'Allah Guntu yake ce masa. Haka suka taso, ko gaisuwar Sallah ba su taɓa yi ba sai da zagi a cikinta, kuma duk unguwar an san babu aminai kamarsu.

Wata Talata da hantsi Na'Allah ya shigo shagon, ya tarar babu kowa, ya zauna a kan buhun ƙyallaye.

"Guntu, aje almakashin ga ka saurare ni," in ji shi. "Ka ji abin da koci yac ce. Mutane bakinka suka jira. Kai mi kag gani? In tsaya ko in bari?"

Halliru ya dube shi. Ya ga yadda ya miƙe ƙafar hagu don gwiwar ba ta lanƙwasuwa sosai. Ya san amsar sarai, ya daɗe da saninta, sai dai bakinsa ya ƙi ɗaukarta.

"Kai Rariya, in anka cire ka wa za mu zagi?" ya ce yana dariya. "Tsaya abinka. Ina bayanka."

Na'Allah ya yi ajiyar zuciya, ya zage shi sau biyu cikin jin daɗi, ya tashi ya fita.

A lokacin an yi makonni babu layin waya a garin saboda matsalar tsaro. Magoya bayan Guguwa suna da zaurensu na Watsaf, kuma rashin layi bai kashe shi ba, sai dai ya mayar da shi na mako-mako. Kamalu, wani ɗan kasuwa da ke kai kaya Nijar a kan babur, shi ne ya zama masinjansu. Duk Alhamis yakan bi gida-gida ya tara wayoyi a jaka, kowace da sunan mai ita a manne. In ya wuce Burkusuma akwai wani tudu da layin Nijar ke kamawa. Nan zai tsaya ya buɗe musu data daga wayarsa, saƙonnin da ke jira su fita, sababbi su shigo, washegari ya dawo wa kowa da tasa. Abin dariyar shi ne yawancin masu aika wa juna saƙon maƙwabta ne, kuma wayoyinsu a jaka ɗaya suke tafiya. Amma ɗan ƙwallo bai yarda ya yi magana ba sai ya ji muryarsa ta fito daga waya.

Halliru ya fi kowa wannan cutar. Yakan ɗauki saƙon murya, ya tura, ya saurara, ya goge, ya sake wani, tunda babu inda saƙon zai je kafin Alhamis. Ranar nan bayan fitar Na'Allah abin ya tsaya masa a rai. Ya yi ɗinki ya kwance, ya sake ya kwance. Daga ƙarshe ya ɗauki waya ya buɗe zauren, ya danna, ya yi magana a hankali, ba irin yadda ya saba ba.

"Jama'a, assalamu alaikum. Halliru na. Maganar Malam Na'Allah nika son in yi. Bawan Allah nan ya yi muna hidima shekara goma sha huɗu, Allah shi saka mai da alheri. Amma gwiwatai ta ƙare, kuma idonai bai ganin ƙwallo sai ta iso. Cikin biyar ɗin da anka ci mu, ukku da yaro anka sa da ya kama su. Wallahi tausayi shika ba ni. A taimake shi a ba shi hutu, tun ba a fara yi mai dariya ba."

Ya saurara sau ɗaya, ya ji kamar ya sauke kaya. Ya ce a ransa zai goge bayan sallar azahar. Sai mai ɗinkin biki ya zo da rigima, daga nan aka shiga musun yaran Alkalawa, magana ta bi ruwa.

Laraba da sassafe ya tafi gona yankan gero, ya bar wayar a gida. Da ya dawo wajen azahar ya nema bai gani ba.

"Basira, ina wayata?"

"Kamalu ya zo ya amsa," in ji matarsa, ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafa ba. "Ya ce yau za su tahi, sun samu abokan tahiya, ba su jiran gobe. Na ba shi kamar kullum."

Halliru ya zauna a bakin ƙofa. Abu na farko da ya zo masa shi ne ya kira Kamalu, har ya kai hannu aljihu. Babu waya, kuma ko da akwai babu layi. Ya tambayi tun yaushe suka tashi, aka ce tun bayan asuba. A lissafinsa yanzu sun kusa tudun, ko ma sun wuce. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a bugun fenariti.

Hanya ɗaya ta rage, ya riga saƙon isa wurin Na'Allah. Da la'asar ya nufi gonarsa. Ya same shi a gindin wata bedi ya ɗaure gwiwa da ƙyalle, yana jefa ƙwallo jikin itacen yana cafewa.

"Guntu! Zo ka ga rariyar da ba ta yoyo," Na'Allah ya ce yana haki. "Na tahi wurin koci jiya. Na ce mai Halliru na bayana, saura kuwa bayan Halliru suke. Bana in Allah ya so sai na rama biyar ɗin nan."

Ƙwallon ta dawo daga jikin itacen ta gefen hagu. Na'Allah ya miƙa hannu bayan ta riga ta wuce. Ya bi ta yana ɗingishi, yana dariya, yana cewa itacen ne karkatacce. Halliru ya ce da ma wucewa yake yi, ya yi masa sannu da aiki, ya juya. Duk hanyar gida yana zagin kansa.

Alhamis bayan la'asar rumfa ta cika, don an ji Kamalu ya shigo gari. Na'Allah ma yana nan a kan benci. Shi ƙaramar waya gare shi mai tocila, ba ta Watsaf, sai dai ya ji a ta mutane. Kamalu ya kafe babur, ya zazzage jaka a kan teburin yanka, kowa ya ɗauki tasa. Halliru ya zaci zai samu ya ja Na'Allah gefe, amma kafin ya zagayo teburin Abdulgani ya riga ya danna.

"Jama'a, assalamu alaikum. Halliru na."

Wata wayar ta ɗauka daga can ƙarshen benci, sannan wata. Cikin ɗan lokaci Halliru huɗu ne ke magana a rumfar, wani yana gaba wani yana biye. Wannan yana cewa gwiwatai ta ƙare, wancan bai gama sallama ba. Da aka zo wurin tausayi sai da kalmar ta fito sau huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka fara kashe wayoyinsu a ɓoye. Ta Abdulgani ce ta kai har ƙarshe, don hannunsa da maiƙo ya kasa tsayar da ita.

Rumfar ta yi tsit. Kowa ya san abin da aka faɗa gaskiya ne, rabinsu ma sun faɗe shi a gidajensu. Abdulgani, da yake dattijo ne, ya yi ƙoƙarin rufa asiri.

"Kai jama'a, mi a abin shiru?" ya ce da dariyar dole. "Wasan taubasai na. Halliru da Na'Allah ai sun hi haka. Ko ba haka ba, Halliru?"

Wasu suka kama dariyar da sauri, suna cewa ƙwarai kuwa, wasa ne. An buɗe wa Halliru ƙofa, abin da ya rage kawai ya ce e. Ya ɗago ya dubi Na'Allah. In ya ce wasa ne, mutumin nan zai shiga raga da kaka, 'yan Isa su sake zuwa, yaran gari su yi masa ihu. Ya ji ba zai iya yi masa ƙarya sau biyu a mako ɗaya ba.

"Ba wasa ba na," ya ce. "Abin da ni gani ke nan. Na kasa hwaɗa maka."

Na'Allah ya gyaɗa kai. Fuskarsa babu fushi, kuma wannan ya fi damun Halliru.

"Na sani," in ji shi. "Ko da ka ce wasa na ba ni yarda. Na saurara tun daga sallama har ƙarshe, ina jiran ka zage ni ko sau guda. Ba ka zage ni ba. Malam Na'Allah kac ce. Bawan Allah kac ce."

Ya dafa benci ya miƙe a hankali saboda gwiwar.

"Shekaranjiya na zo har shagon ga na tambaye ka, mu biyu, ba kowa. Da nan kac ce min Rariya ka tsuhwa, ka ba yaro wuri, da na zage ka na tahi na ba shi. Kai ɗai ka iya hwaɗa min haka in yi dariya."

Ya juya wajen Kamalu ya ce in ya ga koci ya gaya masa a sa yaron Bafarawa, yana da tsawo, sai dai a koya masa fitowa in an bugo kwana. Ya yi wa jama'a sallama ɗaya bayan ɗaya, ya fita daga rumfar ya kama hanya.

Halliru ya biyo shi har bakin titi, zare na rataye a wuyansa. Haƙuri ba ya cikin abin da suka saba ba juna, bai ma san ta inda ake fara shi ba. Sai ya ɗaga murya yadda ya saba tun suna yara.

"Kai Rariya! Tsohon banza! Ina za ka da ƙahwa guda?"

Na'Allah ya tsaya. Ya waiwayo, ya ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa baƙo.

"Sai an jima, Malam Halliru," ya ce. "A gaida gida."