Goyon Kunkuru

Duk unguwar Mandawari an san Hajiya 'Yardada da abu biyu: sayar da ƙanƙara, da gardamar cewa idonta garau yake. Gardamar ce ta jawo mata. Ranar Asabar da safe ta laluba dutsen da take danne buhun ƙanƙara da shi, hannunta ya faɗa kan wani mai santsi a gindin randa, ta ɗora shi ta kama harkarta.

Ashe kunkurun makarantar su Ruqayya ne, jikarta. Malamin kimiyya yakan ba 'yan aji shi bi da bi su je gida da shi, wannan makon aka zo kanta. Marainiya ce, Hajiya ta raine ta tun tana cikin tsumma, kuma ba a taɓa damƙa mata amanar komai a makaranta ba sai wannan.

Da Ruqayya ta dawo daga islamiyya ta tarar da shi a kan ƙanƙara, ya shige ƙoƙonsa, ko motsi babu. Ba ta yi kuka ba, shirun kuwa ya fi kuka tayar wa Hajiya hankali.

Nan take tsohuwa ta nannaɗe shi da bargo, ta shafa masa man zafi, har kunu ta kai masa baki. A banza. Ruqayya ta karanto mata darasinsu: kunkuru da kifi da kwaɗo da ƙadangare duk suna da ƙashin baya, amma jikinsu ba ya haifar da ɗumi, daga waje suke samu. Bargo kuwa ɗumin da ke jiki yake tsarewa, ba ya ƙirƙira. Hajiya ta kalli sama, hadari ya rufe rana ruf. Ta kalli murhu, Ruqayya ta ce gasa shi za a yi.

"To ni ina da ɗumin ai," in ji Hajiya. "Miƙo min zani."

Ta sunkuya ta goya shi, ta tamke da majanyi. Ga kuma suna a Yakasai gidan aminiyarta Nana Hauwa, wanda rashin zuwansa gaba ce ta shekara. Haka ta ja mayafi suka kama lungu, Ruqayya na tafe tana tallafe shi.

A gidan suna Nana Hauwa ta ɗaga mayafin don ganin fuskar jariri. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce yaron dai dangin uba ya ɗebo. Wata ta ba da shawarar a riƙa gasa masa jiki da ruwan zafi, wata ta ce a gyara masa wuya. Hajiya dai jijjiga kawai take tana tauna goro.

Ana cikin rabon waina ta ji farce ya karce ta. Sai kuma ruwa ya tsiyayo mata ta baya, mai ɗumi-ɗumi. Ɗuminta ne ya dawo mata, ta kuwa yi hamdala da ƙarfi. Wani kai mai tamoji ya leƙo daga cikin zani.

Sai a lokacin Ruqayya ta fashe da kuka, ta kifa fuskarta a jiƙaƙƙen bayan.

"Hajiya, ni ma haka kika yi min?"

"Ke ai kin fi shi sanyi ranar da aka kawo min ke," in ji Hajiya. "Kin kuma fi shi fitsari."