Milimita Uku a Kan Gadar Salado

Ƙungiyar Fitilar Baya ta cire gadar Don Eleuterio Bassi daga baje kolin ƙananan jiragen ƙasa na wasa na bana, ta sa falankin katako a gurbinta. An kaɗa ƙuri'ar ranar Juma'a da yamma a tsohon siton tashar jirgin ƙasa ta garin Junín, ana gobe za a buɗe wa jama'a ƙofa. Mutum tara suka ce a cire. Mutum ɗaya ya ce a bari, shi ne mai gadar. Na goma sha ɗayan ya fita ɗora ruwan mate, shayin ganyen da ake sha a ƙasar, bai dawo ba sai da aka gama.

Don Eleuterio shekararsa saba'in da uku, talatin da ɗaya daga ciki a sashen awo na ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa ya yi su. Da ya yi ritaya ya fito da wani ma'aunin ƙarfe mai baki kamar sifana, wanda ke karanta kashi ɗaya bisa ɗari na milimita. A aljihun gaban rigarsa yake zama, ko jana'iza za shi.

'Yan ƙungiyar duk dattawa ne, kowa da ɗan layin dogonsa a gida, wani a gareji, wani a ɗakin da 'ya'ya suka tashi suka bari. Duk Asabar ake haɗuwa a gidan ɗaya, a sha mate, a kalli jirgi yana zagaya tebur. Shekara goma sha tara Don Eleuterio bai yi fashi ba, kuma bai taɓa fita daga gidan kowa ba tare da ya bar masa abin da zai hana shi cin abinci ba. Dokta Wenceslao Iturbe, likitan haƙori kuma shugaban ƙungiyar, ya ji daga bakinsa cewa shanun robar da ya zuba a gefen layi, in aka buga lissafi, kowace ta kai motar bas. Hipólito Gauna, tsohon direban tasi da ake kira Siriri tun yana makaranta, ko da yake yanzu a karkace yake shiga ƙofar garejinsa, yana shanya ganyen mate da aka sha a kan rufi ya yi ciyawar gefen layinsa da shi. Shi kuma an gaya masa ciyawar Junín ba ta da kara haka, ya canza ganyen da yake sha.

Shi kansa Don Eleuterio ba shi da layi ko taƙi ɗaya. In an tambaye shi sai ya ce yana kan awo.

Bara ne ƙungiyar ta yanke cewa kowa zai gina yanki ɗaya a gidansa, tsawon mita ɗaya da santimita ashirin, ranar baje koli a haɗa su su zama layi guda. Dokta Iturbe ya raba takardar ƙa'ida shafi ɗaya, sannan a gaban kowa, da muryar da yake lallashin mai jin tsoron allura, ya ce gadar kogin Salado, wadda za ta zauna a tsakiya, ba wanda ya dace da ita sai wanda ya fi su sani.

Abu biyu ne a saman takardar. Awo: ɗaya bisa tamanin da bakwai. Layi: mai faɗi. An sa na biyun ne saboda wani memba da ke son siririn layi irin na arewa. A bakin 'yan ƙungiyar, mai faɗi shi ne layin da ake saya a kwali, mai milimita goma sha shida da rabi tsakanin ƙarfe da ƙarfe, wanda a kansa suke tuƙa jiragensu tun suna da gashi.

Don Eleuterio ya karanta takardar a teburin kicin. Layin da ya ratsa Junín milimita dubu ɗaya da ɗari shida da saba'in da shida ne, ya auna shi da hannunsa ya fi sau dubu. Ya raba da tamanin da bakwai, ya samu goma sha tara da ɗigo ashirin da shida. Layin kwali kuwa na Turawa ne da Amurkawa, ya daɗe yana faɗa ba a ji. Ya ɗauka maganarsa ce ta shiga a ƙarshe, har ya ji Dokta Iturbe ya ɗan kwanta masa a rai. Bai tambayi kowa ba. Rabonsa da tambayar wani tun yana ɗan koyo.

Wata goma sha huɗu ya yi a gareji. Motar matarsa Nélida ta koma kwana a titi. Ya hau keke ya je bakin kogi sau tara da tef ɗin awo, ya yanka guntayen katakon ƙarƙashin dogo ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga kan ƙusoshi sama da dubu shida da tsinin allura. Tarago ɗaya ya saya, ya cire ƙafafunsa ya sake musu sanda daidai awonsa, da shi yake gwaji. Ƙofa kuwa kullum a kulle. Sau ɗaya Nélida ta ce ya kai abin gidan Siriri a ɗora masa jirgi a gani.

"Tsohuwa," in ji shi, "abin da ake shakka shi ake gwadawa."

Ranar Juma'ar, da aka yaye bargon da aka rufe gadar da shi, kowa ya matso kusa. Siriri ya cire hularsa. Har tsatsar da ke gangarowa daga ƙusoshi an yi ta, har alamar inda ruwa ya tsaya a ambaliyar da kowa ke tunawa. Don Eleuterio ya goya hannu a baya yana kallon rufi.

Aka turo yankin Dokta Iturbe ya haɗu da nasa. Ƙarfen hagu ya sadu da ƙarfen hagu. Na dama ya wuce ta waje. Siriri ya ce tebur ne ya karkace, ya cusa kwali a ƙarƙashin ƙafa ɗaya, sai na dama ya sadu, na hagu ya kauce. Dokta Iturbe ya ɗauko tarago ya ɗora a nasa yankin, ya tura shi da yatsa. Taragon ya hau gada, ya yi tafiyar taƙi guda, sannan ya zauna tsakanin ƙarafan kamar kaza a kan ƙwai.

Don Eleuterio ya zaro ma'auninsa. Bai fara da gadarsa ba. Ya auna yankin Dokta, ya wuce na gaba, ya bi duka goman yana faɗin lambar a hankali, ana biye da shi da ido. Da ya gama ya ninke ma'aunin ya sanar da su cewa dukansu sun yi kuskure, kusan milimita uku kowa, kuma in aka fara yanzu za a iya gyarawa kafin baɗi.

Ya fito da takardar ƙa'idar ya karanta musu. Aka ba shi alli ya yi rabawar a jikin ƙofar sito. Wani tsohon malamin lissafi da ke cikinsu ya duba, ya ce babu kuskure. Ba wanda ya iya musa komai, abin da ya fi ɓata musu rai ke nan.

"Gaskiyarka ce, Don Eleuterio," in ji Dokta Iturbe. "Duk Junín kai kaɗai ka gina layin Junín. Sai dai mu, ka yi mana afuwa, jirage gare mu."

Falankin da aka ɗora burodi a kai aka share, aka buga masa layin kwali, cikin minti ashirin aka gama. Gadar kuwa aka kai ta gefe, kusa da inda ake rataye riguna, da kati mai cewa kada a taɓa.

Ranar Asabar Don Eleuterio ya zo da kwat ɗinsa ta coci, ya tsaya kusa da gadar daga buɗewa har tashi. Jirage suna haye falankin duk minti huɗu, jama'a suna tafi. Waɗanda suka ƙaraso wurinsa yawanci rigarsu suka zo ɗauka. Wata mata ta daɗe tana kallon gadar, ta ce ta yi kyau ƙwarai, ta tambaye shi ƙarfe nawa jirgi zai bi ta kai. Ya ce mata ba a sa lokaci ba tukuna.

Lahadi bayan cin abincin rana Siriri ya zo gidan da saƙo. Za a sake baje koli a watan Disamba a wani gari, kuma ƙungiya ta yarda gadar ta koma tsakiya, da sharaɗi ɗaya: ya shimfiɗa ƙarfe na uku daga ciki, yadda jiragen kwali za su samu wurin taka ƙafa. Ba sai ya cire ko ƙusa ɗaya ba. Wa'adi ƙarshen Nuwamba. Siriri ya ƙara da cewa ai akwai wurare a ƙasar nan da layi ke da ƙarafa uku, shi ma Don Eleuterio ya sani.

Don Eleuterio ya ce ya sani, ya ma lissafa masa wuraren. Amma a kan gadar Salado ba a taɓa shimfiɗa ƙarfe na uku ba, in ya sa ya yi ƙarya.

"Haba, tsoho," in ji Siriri, "kogin da ke ƙarƙashinta ma gam ne da fenti."

"Faɗinsa daidai ne."

"To ka zauna da daidai ɗinka. Ni dai na ga mutum ya yi wata goma sha huɗu yana gina gada, kuma abin da ya taɓa haye ta tarago ɗaya ne, shi ma da yatsa."

Nélida, wadda ke zuba musu ruwa a ƙoƙon mate, ta ce ita ko da ƙarafa bakwai ne a sa, motarta dai ta koma gareji. Don Eleuterio ya miƙe. Ya raka Siriri bakin ƙofa, ya gaya masa tayar motarsa ta baya ta hagu ba ta da isasshiyar iska.

Ranar Talata ya hau bas ɗin safe zuwa Buenos Aires, ya dawo da yamma da ƙarfen dogo guda biyu naɗe a jarida, kowane santimita casa'in. In aka jera su kai da kai, sun isa ƙarfe na uku daga wannan bakin gada zuwa wancan, har da saura. In aka jera su gefe da gefe, sun isa ƙarin santimita casa'in na layi mai faɗi. Nélida ta ce tun ranar tana jin ƙarar zarto daga gareji, ƙofar kuma a kulle take. Saura kwana goma sha tara wa'adin ya cika.