Tsarabar Baƙin Alhaji Gidaɗo

Shekarar da sojoji suka koma bariki, maƙwabcinmu Alhaji Gidaɗo na unguwar Sheshe ya rantse Turawa masu yawon buɗe ido za su cika Kano. Ya sa aka share gonarsa ta hanyar Tiga, aka daɓe ƙasa, aka kafa rumfar kwano, wai filin jirgi ke nan. Muka yi ta dariya har ranar da wani ɗan mitsitsin jirgi ya sauka da Turawa huɗu daga Jos, sai kowa ya kama bakinsa.

Aka zaga da su marina da Kurmi da Goron Dutse. Ranar komawarsu unguwa kaf ta fito rakiya, don mu dai ba ma sallamar baƙo hannu rabbana. Yayar Alhaji, Hajiya 'Yardada, ta zo da alkaki da dubulan kwalla-kwalla. Wani ya kawo buhun gero, wani tabarmi. Alhaji da kansa ya jawo rago, ƙato kamar maraƙi.

Matuƙin jirgin, wani saurayi wai shi Umair, ya dubi tulin kayan ya dafe kai.

"Alhaji, wallahi jirgin nan ba zai ɗaga ba. Ko kayan, ko mutanen."

Turawa suka ce a bar kayan, sun gode.

"Kawaici suke yi," in ji Hajiya. "Gidaɗo, in tsarabar nan ta koma Sheshe, da wane ido za ka kalli mutane?"

Gumi ya karyo wa Alhaji. Ni da na fi kowa yi masa tsiya, ranar sai da ya ba ni tausayi. Ya zagaya jirgin, ya leƙa ciki, ya dawo.

"Yaro, kwashi kayan ka kai musu masaukinsu na Jos. Baƙina su ƙara kwana, gobe ka dawo ka ɗauke su."

Haka kuwa aka yi! Jirgi ya tashi, rago na kujerar taga, Turawa na ƙasa baki buɗe. Muka tattaro su muka juyo gari, Alhaji sai murmushi yake.

Ba mu kai Ƙofar Na'isa ba Hajiya ta taɓo 'yarta.

"Dije, muna isa ki ɗora mai a wuta. Gobe da me za mu sallame su?"