Sunan 'Yar Fari

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina, don na mutanen gidanmu ne, kuma irin abin da ba a cika faɗa ba ne. Amma ga shi.

Dada ce shugabar mata maginan tukwane a Gwaram. Ita ke raba yumɓu, ita ke cewa wance ta gina randa, wance ta tsaya a kasko tukuna. Ranar toyi kuwa ita ke jera tukwane a matoya, ta lulluɓe su da kara da busasshen kashin shanu, ta tsaya da doguwar sandarta tana gyara wuta. Duk wadda ta riƙe sandar nan, ita ce magajiyarta.

A shekarar da yanar ido ta fara rufe mata gani, ba ta gaya wa kowa ba. Sai ta ce ƙafa ke damun ta, ta miƙa wa Jummai, ɗaya daga cikin maginan, sandar.

Kowa ya san ba Jummai ta cancanta ba. Wadda hannunta ya fi na kowa ita ce Kubra, wadda in ka ƙwanƙwasa tulunta sai ka ji yana amsawa kamar ƙarfe. Sai dai Kubra 'yar farin Dada ce. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa kallon ta ido da ido gaban mutane ba. In za ta yi mata gyara sai ta fuskanci bango ta ce, "A gaya wa waccan bakin randar ya yi kauri." Yabo kuwa ko a mafarki. Ina ita ina ɗaukar sanda ta ba 'yar cikinta, a ce ba ta da kunya?

Toyin farko na Jummai, rabi ya fashe. Na biyu ya fito ɗanye, tuluna suna tsatsar ruwa. Masu sari daga Maruta suka ƙwanƙwasa, suka ajiye, suka tafi. Mata suka fara janyewa, wannan ta koma kaɗi, waccan ta ce mijinta ya hana.

Ana haka sai Hawwa, ƙanwar mijin Dada, ta shigo da la'asar ta same ta tana laluben ƙaiƙayi.

"Matar yaya, kina nan kina shafa ƙasa kamar mai neman allura, 'yarki ta ɗaure kaya."

"Kayan me?"

"Maginan Birnin Kudu sun aiko. Tsohuwarsu ta rasu, suna son mai riƙe musu wuta. Gobe za ta bi fatake."

Dada ta ce, "Hanyar nan da mahara? Ki hana ta, Hawwa. Ke kika goye ta, tana jin maganarki."

"Na hana. Ta ce a nan me take? Kin yabi Jummai, kin yabi Talatu da ko murfi ba ta iya ba, har akuyar gidan nan kin taɓa yabo. Ita fa?"

"Ai ta sani."

"Ta sani a ina? A bango?"

Dada ta kama zanen Hawwa. Ta gaya mata abin da take ɓoyewa, cewa ko fuskarta ba ta gani yanzu, sai inuwa. Ta ce in yarinyar nan ta tafi, matoyar da ta gada wurin uwarta ta mutu ke nan kafin damina. Ta roƙe ta ta je ta faɗa mata haka.

Hawwa ta zare zanenta a hankali. "Shekara nawa ina kai miki saƙo? Wannan ba na aike ba ne."

Bayan magariba Kubra ta zo sallama. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, kamar yadda ta saba.

"Dada, gobe zan tafi. Abu ɗaya nake so in ji kafin nan. Hannuna ya yi, ko bai yi ba?"

Maganar tana nan a bakin Dada, cikakkiya. Ta buɗe baki, harshe ya ƙi. Wuyanta da kansa ya juya wajen bango.

"A gaya wa mai tafiya," ta ce, "ta riƙe mayafi mai kauri. Ana sanyi a hanya."

Kubra ta daɗe a durƙushe. Sannan ta ce, "To, Allah ya ba mu alheri," ta tashi.

Da asuba Dada ta lalubi hanya zuwa gidan Jummai, ta ce ta ba ta sandar. Jummai ta miƙo da sauri, har da ajiyar zuciya. Da ita Dada ta dogara har ƙofar gari, tana tuntuɓe, ta tsaya a gefen hanya.

Fatake sun fara fita. Tana jin kofaton jakuna, da tarin maza, da ƙarar ƙwarya a kan mata, amma duk inuwa ce ke wucewa, ba ta san wace ce tata ba. Ta miƙa hannu ta kama wata, ashe mai nono ce. Ta kama wata, aka ce, "Inna, lafiya?" Ayarin yana ta raguwa.

Sai ta ɗaga murya.

"Kubra."

Sunan ya fito a shaƙe, kamar ba daga bakinta ba. Wani mai jaki ya yi salati. Ta sake kira, da ƙarfi wannan karon, ta kuma sakewa, hawaye na bin fuskarta.

"Kubra, hannunki ya fi nawa. Ni ba na gani. Ki zo ki jera tukwanen nan."

Can sai ta ji an sauke kaya a ƙasa kusa da ita.

"Na ji, Dada. Don Allah ki bari haka, mutane na kallo."

Dada ba ta bari ba. Ta juya wajen muryar, ta sake faɗin sunan, ta miƙa sandar da hannu biyu.