Ranar da Baba Ya Raka Nas

"Ke kika ɓoye famfas ɗin, Yaya. Kada ki ce ba ke ba ce."

"Ni ce. To me? In bar wa baƙuwa su a falo ta yi kallo?"

Ma'aruf ya kalli yayarsa Rahama, ya kalli wayar da ke kan tebur. Yanzun nan aka kira daga ofishin shirin kula da tsofaffi. Matar ta yi magana a hankali kamar mai gaisuwar mutuwa: mahaifinsu bai cancanta ba. Shirin na tsofaffi ne waɗanda ba sa iya wanka, sa tufafi ko zagayawa da kansu, ana biyan mutum ya zauna da su a gida ya kula da su. Nas ɗin da aka turo dubawa kuwa ta ce ta ga dattijo mai yi wa kansa kusan komai.

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama Alhaji Surajo bara, Ma'aruf ne hannunsa, shi ne ƙafarsa. Shi ke ɗaga shi, shi ke cuɗa masa baya, shi ke sauya zanin gado. Manajan siton da yake aiki ya ja masa hutu har ya gaji da ja. Ranar Litinin ko ya koma, ko a ba wani gurbinsa. Da shirin ya karɓe su, da ya ajiye aikin ya zauna da Baba. Yanzu sai dai a kulle tsoho shi kaɗai daga safe zuwa yamma, ko a kai shi gidan tsofaffi inda babu mai jin Hausa.

Ranar da nas za ta zo, da sassafe Rahama ta taso daga gidanta na Pleasant Garden da kaskon turare a mota. Ta share ɗan gidan hayarsu na kan titin Gate City Boulevard tas. Kujerar wanka, bokiti, sandar nan mai ƙafa huɗu, duk ta cusa su a kabad. Ta sa Ma'aruf ya aske wa Baba kai, ya sa masa farar shadda da hula. Har dambun nama ta ajiye a faranti.

"Asirin ubanmu na rufa," in ji Rahama. "Ban san laifi ba ne a ƙasar nan."

"Kin rufa shi da kyau. Har nas ɗin ba ta gani ba."

"Kai da kake zaune a gefe fa? Ɗinke maka baki aka yi?"

Gaskiya ta faɗa. Nas ɗin yarinya ce, ba ta kai Rahama ba. Ta tambayi Baba ko yana wanka da kansa. Baba ya daɗe yana tuƙin tasi a garin nan, Turanci bai gagare shi ba. Ya ce alhamdulillahi, yana yi. Banɗaki fa? Lafiya lau. Ta juyo ta dubi Ma'aruf tana jiran ya ƙara wani abu. Shi kuwa ya dubi kafet. Da ta miƙe za ta tafi, Baba ya dafa bango ya miƙe shi ma. Ta ce ya zauna, ya ƙi, don baƙo bai taɓa fita daga gidansa ba rakiya ba. Ya ja ƙafa har bakin ƙofa, ya ce ta gai da gida. Ƙofar na rufewa gwiwarsa ta saki. A nan ƙasa Ma'aruf ya cire masa shaddar, ta jiƙe da fitsari har ƙafar wando.

"Ni dai ka san ba zan iya yi masa wanka ba," in ji Rahama, muryarta ta sauka. "Ba zai ma yarda ba."

"Na sani."

"Matar ba ta ce za a iya sake dubawa ba?"

"Ta ce. In mun nema. Amma shi za a sake tambaya."

Ya tashi ya nufi ɗakin Baba, Rahama ta biyo shi ta tsaya a bakin ƙofa. Bangon gidan ba ya riƙe magana. Tsohon na kwance ido biyu, carbi a hannun da ke motsi. Ma'aruf ya durƙusa gefen gado.

"Baba, nas ɗin nan za ta dawo. Don Allah wannan karon ka gaya mata yadda abin yake. In ba haka ba, Litinin zan koma aiki, babu mai zama da kai."

Alhaji Surajo ya ja carbin a hankali. Bai dubi ɗansa ba, silin yake kallo.

"Allah ya yi maka albarka," ya ce. Ya ɗan nisa. "Wato in zauna gaban yarinya sa'ar 'yar cikina, da gemuna, in ce mata ɗana ne ke yi mini tsarki?"